Doyar Wanda Bai Zo Ba

Yau Lahadi uku ke nan ban taka coci ba. Gwiwata ce, duk shekara da zarar ɗari ya sauko sai ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa. Jiya da yamma ina zaune a bakin gado ina shafa mata man zafi, sai waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga cocinmu na nan Gwarinpa, wai sun yi kewata, Ubangiji ya kiyaye ni. Har na fara murmushi ni kaɗai. Can maƙwabciyata ta shigo aron ludayi, na nuna mata, ita ma ta zaro tata wayar ta nuna mini. Saƙo iri ɗaya, babu bambancin ko harafi, ita da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta sujada ba. Ashe kowa da kowa aka aika wa.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na kife wayar a kan gado, sai ga babana ya faɗo mini a rai, shi da sanyin shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta zo ta sauke mana a gonaki.

Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suke kira Gwari. Ƙauyenmu yana can wajen da gidajen Gwarinpa suka ƙare yanzu, amma ko an ce in nuna wurin ba zan iya ba, har tudun an baje. A gida yarenmu muke yi, sujada kuwa da Hausa, waƙa da Hausa, addu'a da Hausa, ko da irin Hausar tamu takan sa Bakano ya riƙe ciki. A lokacin ina da aure da yara biyu, gida uku ne tsakanin gidan mijina da na Baba. Mamata ta riga ta rasu, saboda haka ni ce mai kai masa tuwo, ni ce mai ɗora masa ruwan wanka.

Ban taɓa ganin sanyi irin na shekarar nan ba. Kurmin da yake tare mana iska daga gabas, katafila ta kwantar da shi tun da damina, iska ta samu hanya har cikin ɗaki. Ruwan randa in ka kurɓa da safe sai haƙori ya amsa. Dugaduganmu suka tsattsage har jini, ga man kaɗe ya yi wuya, domin itatuwan kaɗanyar ma an tumɓuke su. Rafin da muke ɗiba, manyan motocin gini suna zuwa su zuƙe shi su bar mana taɓo, sai mun tona yashi mun zauna jiran ruwa ya taru. Rabin gonar Baba kuwa an bi ta kanta da dawa a tsaye, saura kwana kaɗan a girbe. Rumbu bai kai ko wuya ba. Kunu ya koma ruwa-ruwa, tuwo sau ɗaya a yini, doya kuma sai wadda aka ajiye ta iri da 'yan tsiraru a gefe.

Da asuba nakan tashi in hura wuta da yatsu a sandare, in dama kunu, in kai wa Baba nasa, in ɗora ƙwarya a kafaɗa in gangara rafi, mu ba ma ɗaukar kaya a ka. In dawo in surfa, in daka, in yi wa yara wanka suna ihu kamar ana yanka su. Kwana shida haka, ina jiran Lahadi, domin ita kaɗai ce safiyar da jikina yake ɗumama.

Tun kafin a haife ni cocinmu yana da wata al'ada ta lokacin sanyi. Daga an gama girbin dawa har zafi ya dawo, kowace safiyar Lahadi kowane gida zai kawo damin kara ɗaya da doya ɗaya, a tara a gindin ɗorawar da take gaban coci. Baba ne yake kunna wutar. Sunansa Ishaya, shi ne na farko da ya karɓi bangaskiya a ƙauyen, har danginsa suka yi shekaru ba sa sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi, kuma shi da mutum huɗu suka kwaɓa ƙasar da aka gina cocin. Ba mu da agogo. Sai wuta ta ci ta faɗi ta zama garwashi, doya ta gasu, tsofaffi sun daina rawar ɗari, sannan a buga ƙarfe a shiga. Wata tsohuwa gwauruwa, Rifkatu, wadda take zaune ita kaɗai a ƙarshen gari, ita ce kullum take riga kowa zuwa, ta kama wuri mafi kusa da wuta ta ce ita da tsufa suka yi gadonsa.

Kafin ya kunna, Baba yana zagaya dammunan yana taɓa su da sanda ɗaya bayan ɗaya. Ya san ɗaurin kowane gida. In dami ɗaya bai zo ba sai ya ɗaga kai ya ce, "Ina gidan wane?" In doya ta gasu, kafin kowa ya kai baki, sai a ɓare ta farko, a naɗe a ganye, a ba wani ya kai gidan da bai zo ba tun tana da zafi. Mai kai doya ba ya dawowa sai da labari, ko ciwo ne, ko haihuwa, ko an kwana ana faɗa da mata, ko kuwa fushi ake yi da ikilisiya. Ba a fara sujada sai ya dawo. Duk wannan ina gani tun ina yarinya, amma in gaskiya zan faɗa, ni ɗumin da doyar kawai suka dame ni.

Har Malam Buba, Bafulatanin da yake sauka da shanunsa a bayan rafi duk rani, ya san wutar nan. Musulmi ne, ba ya shiga coci, amma hayaƙin ne yake gaya masa Lahadi ta yi. Yakan tsaya daga gefe da ƙwaryar nono, Baba ya miƙa masa doya, su ɗan ja musu a kan shanun da suka shiga gonar wane, ya wuce.

Sai baƙi suka fara zuwa. Ma'aikatan gwamnati da ba su samu gida a cikin gari ba, direbobi, magina, masu gadin manyan gidajen da ake ginawa a Maitama. Kada in yi musu ƙarya, mun yi murna da su. Cocin da muke cika rabinsa ya cika har waje. Su suka cire mana jinkar ciyawa suka sa kwano, suka kawo bencina a maimakon dakalin ƙasa da muke zama a kai. A cikinsu akwai wani babban ma'aikaci, mai tsafta, mai fara'a, agogo a hannu, biro uku a aljihu. Ba a yi wata biyu ba aka ba shi sakataren ikilisiya, kowa ya koma kiransa Oga Sakatare. Ba mugu ba ne. Na sha fatan a ce mugu ne, da na fi jin daɗin fushin da na yi da shi.

Saura mako biyu Kirsimeti, bayan an tashi sujada, ya miƙe da takarda a hannu.

"Jama'a, mun yi yawa, lokaci ɗaya ba zai ɗauke mu ba," in ji shi da irin Hausarsa. "Daga next week, Hausa ƙarfe shida, English ƙarfe takwas da rabi. Wannan wuta na waje kuma, sorry, za mu tsayar da shi. Mota yana tsayawa a wurin, akwai fetur. Toka ma yana ɓata ma mutane kaya."

Mata ba sa magana a irin wannan zama, amma ni bakina bai taɓa jiran izini ba. Na miƙe.

"Oga, ƙarfe shida a sanyin nan? Tsofaffin nan fa? Motar ce ba za ta iya matsawa ba, sai wutar da ta girme ta?"

Wasu suka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Madam, ba faɗa ba ne. Tsari kawai muke so."

Na juya wajen Fasto Bulus, wanda Baba ne ya koya masa karatu da hannunsa. Fasto ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa, sabon kwano yana walƙiya a bisa kansa. Na buɗe baki zan ƙara, sai na ji muryar Baba.

"Saratu, zauna. Baƙo ya zo gidan Allah, ba a ce masa ya koma. Za mu zo ƙarfe shida."

Na zauna, amma kamar in fashe. A hanyar gida babu abin da ban faɗa ba, cewa an zo an ƙwace mana gona, yanzu an ƙwace mana safiya, shi kuma yana ta cewa to.

Lahadin farko muka fita gari bai gama wayewa ba. Iska tana yankan kunne, ƙasa tana cizon ƙafa ta cikin silifa. Baba yana gaba a cikin bargo, da daminsa na kara a kafaɗa. Na ce masa an hana, ya yi kamar bai ji ba. A ƙofar coci wani matashi daga cikin baƙin, wanda aka sa ya riƙa nuna wa mutane wurin zama, ya tare shi.

"Baba, wannan na mene ne? Ka kai shi bayan coci, kada wani ya yi tuntuɓe."

Baba ya tsaya yana kallon gindin ɗorawa, an share shi fes, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa domin motoci. Ya zagaya baya ya jingine damin kusa da salga. Da aka tashi ya koma ya ɗauko abinsa ya kai gida.

Sujadar ƙarfe shida, Allah ya gafarta mini, ban taɓa jin daɗinta ba. Fitila ɗaya ce a gaba, kowa ya naɗe a bargo sai ido, ba ka sanin na kusa da kai ko wane ne. Matan zumunta suna buga tulu da tafin hannu da ya mutu, waƙa tana fita da kaɗawar haƙora. An rataye sabon agogo a bango, Fasto yana wa'azi ido ɗaya a kansa. Ƙarfe takwas ana cewa amin, kafin ka miƙe tsintsiya ta iso ƙafarka, ana cewa a fita da sauri za a gyara wa masu zuwa. Babu mai tsayawa gaisuwa a filin da iska take kaɗawa, kowa sai ya ruga gida wajen murhunsa.

Lahadi ta biyu Baba ya dawo da tari. Ta uku, na ce ba zan zuba ido sanyi ya kashe mini uba saboda fetur ɗin wani ba. Na cika kasko da garwashi, na rufe da murfi, na ɗauko a kafaɗa a ƙarƙashin mayafi, yana ƙona ni ina cije baki. Muna zama na tura shi ƙarƙashin bencin Baba. Ba a gama waƙar farko ba fentin sabon bencin ya fara wari, mutane suka fara waige-waige, matashin nan ya taho yana shinshina. Baba ya leƙa ƙasa, ya gani, ya sa ƙafa ya turo mini kaskon a gaban kowa. Na ɗauka na fita, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi ya same ni a waje.

"Saratu, ni jariri ne da za a sa mini kasko? Na ce miki ina jin sanyi?"

"Baba, tari kake yi kamar ƙirjinka zai tsage."

"Tarina ne."

Mayafina ya ƙone, kafaɗata ta tashi, ladan da na samu ke nan. Na yi kwana biyu ina kai masa tuwo ina direwa ba tare da na zauna ba. Na ɗauka taurin kan tsufa ne kawai, ban gane cewa ba sanyi ne yake cin Baba ba.

A makon nan ciwon ya kwantar da shi. Ranar Lahadi ya gwada miƙewa, ƙafa ta ƙi. Duk da haka ya sa na ɗora masa ruwa, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta sujada da hula, ya ce in kai masa kujera ƙofar gida. Gidansa a kan ɗan tudu yake, daga ƙofar ana hango kwanon coci da kan ɗorawar.

"Ki tafi sujada," in ji shi. "Amma kada ki ce wa kowa komai."

"Don me, Baba?"

"In sai an gaya musu, ai ba zuwa suka yi ba, kiransu aka yi."

Na tafi. Na zauna ina kallon wurin zamansa, wani ya matsa ya cike gurbin, shi ke nan. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai fasa Lahadi ɗaya ba, babu wanda ya waiga. A ƙofa Fasto ya ce mini, "A gai da gida," yana sauri zai je ya shirya wa sujada ta biyu. Na tuna abin da Baba ya hana, na kama hanyar gida.

Na tarar da Baba inda na bar shi. "Wa ya tambaye ni?" in ji shi.

"Duhu ne, Baba, ba su lura ba."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da zama yana kallon hanya har rana ta take, sannan ya ce in mayar da shi ɗaki.

Lahadin da ta biyo baya haka aka sake yi, babu wanda ya tambaya. Wannan karon na kasa komawa hannu biyu. Na biya gidana, na zaro doya ɗaya daga cikin ta iri, wadda mijina ya ce ko yara sun yi kuka kada a taɓa, na gasa a murhu, na ɓare, na naɗe a ganye yadda ake yi. Na kai wa Baba da fara'ar da na ƙirƙiro.

"Ga shi, in ji Fasto da dattawa, suna gaishe ka."

Ya karɓa da hannu biyu. Na ga fuskarsa ta buɗe, sai kuma ya kai ganyen hanci, ya daɗe yana shinshinawa.

"Saratu, tun asuba nake zaune a nan, ban ga hayaƙi ba. Wannan kuma itacen murhunki ne, ba kara ba." Ya miƙo mini. "Kai wa yaranki. Kada ki ƙara yi wa coci ƙarya, ko da don ki rufa masa asiri ne."

Nan haƙurina ya ƙare. Na yi ta ihu ina kuka, na ce mutanen nan sun manta da kai, ka bar danginka dominsu, ka kwaɓa musu ƙasa da ƙafarka, yau ga ka nan kana jiransu kamar maroƙi, ka bar ni in je in zazzage musu. Ya bar ni na gama, ya ce, "Na hana."

Daga ranar ya rage cin abinci. In na shiga sai in tarar ya juya fuska bango. Ba mutuwarsa ce ta fi ba ni tsoro ba, tsoho ne, na san tana tafe. Abin da yake hana ni sukuni shi ne ya tafi yana ganin ikilisiyar da ya rasa kowa dominta ba ta ma san ba ya nan ba. Ranar Laraba na kama hanyar gidan Fasto, har na kai gindin ɗorawa na juyo. Da sun zo da kirana, kallo ɗaya Baba zai yi musu ya gane, yadda yake gane ɗaurin dami. Haushin baƙi, haushin Fasto, haushin tsohon nan mai kafiya, duk suka taru suka tsaya mini a ƙirji.

Lahadi ta uku da kwanciyarsa na ce ƙafata ba za ta taka cocin nan ba. Safiyar ta fi kowace sanyi, har numfashi ana gani. Na fito da Baba ƙofa a farar rigarsa, na rufa masa bargo biyu, na zauna a ƙasa kusa da shi ina cika ina batsewa. Rana ta ɗan ɗago, sai ga mutum ya ɓullo ta hanyar rafi da sanda a wuya da ƙwarya a hannu. Malam Buba ne.

"Salamu alaikum. Ishaya, ashe kana nan? Lahadi shida ina duba wajen nan, babu hayaƙi. Na ce ma iyalina an tashi Gwarawa, ko sallama ba su yi mana ba."

"Muna nan, Buba," in ji Baba. "Wutar ce aka kashe."

Malam Buba ba ɗan coci ba ne, dokar Baba ba ta hau kansa ba, saboda haka na kwance masa labari tun daga farko, ban rage ko kaskon ba. Yana ji yana girgiza kai. Da na gama sai ya kai idonsa kan rumbu. Dammunan kara ne a jingine, guda shida. Ashe ko yana kwance, duk Asabar sai Baba ya ja jiki ya ɗaura nasa.

"Wannan karan na mene ne?"

"Na Lahadi ne," in ji Baba.

"To, yau ba Lahadi ba ne?"

Ya ajiye ƙwaryar, ya jawo dammunan duka shida zuwa filin ƙofar gida, ya ce mini, "'Yar Ishaya, kawo wuta, ki kawo doya in akwai." Doyar da Baba ya ajiye tun Lahadin farko tana nan, na ɗauko. Busasshen kara dami shida a lokaci ɗaya ba wasa ba ne. Harshen wuta ya wuce tsayin ɗaki, hayaƙi ya miƙe sama, kara yana fashewa kamar ana harbi. Zafin ya bugi fuskata, yatsuna suka fara dawowa. Baba ya ture bargo ɗaya.

Daidai lokacin ake tashi daga sujadar Hausa. Muka jiyo ihu daga wajen coci, "Gobara! Gobara a gidan Baba Ishaya!"

Sai ga su a guje. Maza da bokitai, mata da ƙwarya, wata har da tulun da ake kiɗa da shi ta cika da ruwa. Fasto ya tattare riga yana haki. A bayansu Oga Sakatare ne cikin farin yadi, ya rungumo jan tulun kashe wuta na motarsa. Suka hawo tudun suka yi cirko-cirko. Ga Baba a kan kujera cikin rigar sujada, ga Bafulatani a tsugune yana juya doya a garwashi da tsinke.

Fasto ne ya fara samun baki.

"Baba, ba ka da lafiya ne? Tun yaushe?"

Mako uku ina tara maganar da zan yi a wannan lokaci, na jera ta tsaf. Na miƙe na ce, "Lahadi uku, Fasto! Lahadi uku tsohon nan..."

Baba ya ɗaga mini hannu. Ba ni yake kallo ba, su yake kallo. Ya ɗauki sandarsa yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi, gida bayan gida. Ya kai ƙarshe, ya sake dawowa. Sai ya ɗaga kai.

"Ina Rifkatu?"

Suka kalli juna. Wata ta ce tana tsammanin a baya take zama yanzu. Wani ya ce ya ɗauka ta tafi wajen 'yarta. Babu wanda ya san ranar da ya gan ta ta ƙarshe. Ni ma na laluba kaina, ban samu ba. Mako da makonni ina zaune a cocin nan ina ƙirga laifin mutane, ban taɓa lura tsohuwar ba ta nan ba. Maganar da na jera duk ta zube.

Baba ya sunkuya ya zaro doyar daga toka da yatsunsa, ya ɓare ta, tururi ya tashi. Ya naɗe rabi a ganye ya miƙo mini.

"Kai mata. Ki dawo da labari." Ya juya wajen sauran ya ce, "Ku zauna, a jira ta dawo."

Suka zauna, wasu a kan bokitin da suka zo da shi. Ina juyawa na ga Oga Sakatare ya ajiye jan tulunsa, ya dubi agogo, ya dubi Baba, ya kakkaɓe turmi ya zauna da farin yadinsa. Ranar ce kaɗai na san sujadar Turanci ta makara.

Na samu Rifkatu a kwance a ƙasa kusa da murhun da ya mutu. Ta faɗi ne ta bugu a ƙugu, kusan mako biyu tana jan jiki tsakanin tabarma da randa, randar ma saura ɗan ruwa a gindi. Na ɗago ta na sa mata ganyen a hannu. Ta ji ɗuminsa, ta dube ni ta ce, "Na ce ko doya ce ta ƙare a garin."

Ba a dawo da wutar ba, kada wani ya ɗauka labarin ya yi daɗi haka. An yi zama, an kafa kwamitin ziyara da littafinsa, motoci suka ci gaba da tsayawa a gindin ɗorawa. Baba bai sake taka coci ba, ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Amma sauran Lahadin da suka rage masa, ana tashi daga sujada mutane sukan hawo tudun su zauna a ƙofarsa, shi kuma ya bi su da sanda yana ƙirgawa. Bai mutu yana kallon bango ba.

Yau da safe, bayan 'yan gidan sun tafi coci, na farga na yi wanka, na ɗaura zanen Lahadi, na jawo kujera bakin ƙofa ina kallon hanya, kuma ban gaya wa kowa ba ni da lafiya ba. Halin Baba ne, ban bar ko ɗaya ba. Na zauna ina jin haushi har wajen sha ɗaya, sai na fara bin bencinmu a zuci, daga wannan gefe zuwa wancan. Na tsaya a kan Hannatu, wadda take zama a hagu da ni. Tun kafin gwiwar nan ta kama ni rabona da ganinta.

Na hura gawayi a bayan gida na gasa doya, na naɗe a takarda tun da ganye ya zama abin nema, na ja ƙafa zuwa titi na tari keke mai ƙafa uku, gwiwar tana kuka na ce mata ta yi mini shiru. Na daɗe ina ƙwanƙwasawa kafin Hannatu ta buɗe, tana dogara sanda. Rana tsaka, ita kaɗai a gida, ga ta da zanen coci da ɗaurin kallabi. Ta dubi takardar, ta dube ni.

"Wa ya gaya miki?" in ji ta.

Na ce, "Babu kowa."

Doyar ta huce a hanya, amma ta cinye ta har da ɓawon.